Kawu da Masu Zana Mu a Jarida

Daga Allah muke, kuma Kawu ya riga mu komawa gare Shi. Ya rasu da hantsi a asibiti. Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi farat ɗaya, bai ko ba shi damar yin gardama da likita ba, kuma na tabbata da ya sani da wannan ya fi ɓata masa rai. Kafin la'asar motoci sun cika gefen titin gidansa a McLeansville, a ƙasar Turawan nan da muke zaman ci-rani, har bakin gonar maƙwabta.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, kuma ni kaɗai ce jininsa a ƙasar nan. Don haka ni na zauna kusa da matarsa, wadda muke kira Tanti, ina taya ta karɓar gaisuwa ina kallon mutane. Na ga masu kuka na gaskiya. Akwai tsohon amininsa direban tasi, mutumin Kumasi, da ya tsaya a baranda ya kasa shigowa, sai murza hularsa yake yi a hannu. Akwai maƙwabciyarsu mai sayar da abinci a mota, wadda ba ta jin Hausa, ba ta san yadda muke gaisuwar mutuwa ba, ta shigo da tukunyar wake ta ajiye, ta kama hannun Tanti ta riƙe.

Sauran kuwa, Allah Ya ba su ladan man motarsu. Wata Hajiya da rabonta da gidan tun kafin a canja kafet ta zube a gaban Tanti tana cewa, "Allah sarki Alhaji! Mutum mai haƙuri, bai taɓa ɗaga murya ba." Na dubi Tanti, Tanti ta dubi carbinta. Kawu bai taɓa zuwa Makka ba, haƙuri kuwa ko a mafarki. Wani ya ce marigayi ba ruwansa da siyasa. Wani ya ce ai shi ba ya shiga sabgar kowa. Yaransu suna zaune a kan matakala da waya a hannu, ana ce musu su gaida Tanti suna amsawa da Turanci.

Wanda ya fi kowa kuka shi ne shugaban ƙungiyarmu ta mutanen gida mazauna nan. Zan kira shi Shugaba kawai, tunda ba sunan da yake so kamar wannan. Daga Summerfield ya zo, inda ya sayi gida a tsakiyar gonakin dawakin da ba nasa ba. Ya tsaya a tsakar falo ya yi jawabi, ya share hawaye, ya duba ko an ɗauka a waya, ya sake sharewa. Ya ce ya yi rashin ɗan'uwa, ya yi rashin aboki.

A nan na yanke shawarar rubuta wannan. Mutumin da na ji suna yi wa ta'aziyya ban san shi ba, kuma ina tsoron idan aka daɗe ana faɗa, shi zai zauna a bakin mutane, nawa kawun ya ɓace.

A garin nan muna da wata al'ada da ba wanda ya koya mana ita. Ba a tambayar mutum takardar zama a ƙasa, kamar yadda ba a tambayar mace watan cikinta. Za ka yi shekaru kana sallah kafaɗa da kafaɗa da mutum, ka san ba ya tafiya gida ko da wa ya mutu, ka san dalili, amma ba za ka taɓa furtawa ba. Kawu da Tanti ba su da takarda. Da jirgi suka zo da bizar ziyara, biza ta ƙare, su ba su koma ba. Ɗansu guda ɗaya sun bar shi a Maraɗi wajen kakarsa, a waya ya girma, a waya ya yi aure. Da mahaifiyar Kawu ta rasu, a waya ya ji ana ɗaukar gawarta. Ni da na zo ta cacar biza na taɓa zuwa wajen lauya ko zan iya yi musu wani abu, ya ce mini doka ba ta san kawu ba. Ina faɗar wannan yau ne don an riga an faɗe shi a inda bai kamata ba, kuma Tanti ce take biyan kuɗin bakin wasu.

Shi ya sa ba ya yarda a ce masa Alhaji. A nan duk wanda gemunsa ya yi fari Alhaji ne, amma idan ka kira Kawu haka sai ya ce, "Ka gan ni a Arfa? Malam ma ya yi mini yawa."

A Maraɗi sana'arsa zanen bayan manyan motoci. Zaki da ya danne barewa, mikiya, 'yan kokawa sun sarƙe, duk ya yi su. A Greensboro ya koma fentin gidaje, yana shafa fari a kan fari, kamar yadda yake cewa. Hannun bai mutu ba, sai dai ba inda zai sauke shi, don haka ya koma alƙalin zanen wasu. Kullum idan ya taso aiki sai ya biya gidan mai ya ɗauko jarida, ya zauna a baranda da kayansa masu warin fenti, ya wuce labarai duka ya buɗe shafin zanen barkwanci. Turancinsa na aiki ne, bai kai na karatu ba. Idan ina nan sai ya ƙwala mini kira. Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Uwata, zo ki gaya mini yau me muka zama."

Wata rana ruwa ne mu, ambaliya ta taso za ta cinye wani ɗan ƙaramin gida mai tuta. Sai ya ce, "To, yau ba mu da ko fuska. Ya huta da zana ido." Wata rana mutane ne da faffaɗar hula suna haura katanga da tsani. "Ni da jirgi na zo," in ji shi. "A tire aka kawo mini abinci, yarinya ta ce mini sannu da zuwa. Wannan mai zanen bai taɓa zuwa filin jirgi ba ne?"

Duk lokacin da aka taso da maganar gyaran dokar baƙi, sai jaki da giwa su bayyana, alamomin jam'iyyun nan biyu. Yau suna shurin gwangwani a kan titi, an rubuta gyaran doka a jikinsa. Gobe suna jan igiya, ɗan baƙo a tsakiya. Kawu ya ga wannan gwangwani har ya gaji. Da farko yana sa rai, ba zan ɓoye ba. Akwai shekarar da ya sayi sabuwar akwati ya ajiye a ƙarƙashin gado, saboda an ce wannan karon da gaske ne. Akwatin ta zauna har Tanti ta mayar da ita ma'ajiyar zannuwan gado. Daga nan idan ya ga jakin sai ya ja tsaki ya ce, "Dubi ƙafarsa. Wanda ya zana wannan bai taɓa ɗora wa jaki kaya ba. Shi kuma jakin bai taɓa kai kowa ko'ina ba."

Abin da mutane ba su gane ba game da shi, ya fi raina masu tausayinmu a kan masu ƙinmu. Akwai matar nan ta mutum-mutumi mai riƙe da fitila a bakin teku tana yi wa baƙi maraba, wadda masu zane suke son sa ta kuka. Ko ta rufe fuska, ko hawaye na zuba a kan wani yaro mai ƙullin kaya. Kawu ya ce, "Tun da na zo ƙasar nan take kuka. Ta ajiye fitilar mana ta raka ni ofishin takarda." Ranar da aka zana wani tsoho a durƙushe yana riƙe da wayar shinge, sai da ya ninke jaridar ya jefar.

"Wanda ya ƙi ni ya zana ni ina haura katanga," ya ce. "Aƙalla ya yarda ina da ƙarfi. Shi wannan mai sona kullum a ƙasa yake ajiye ni, don a ga tsayinsa."

Ba kullum yake da gaskiya ba, kada in mayar da shi waliyyi. Ya taɓa kwashe wa wani zane albarka tun daga la'asar, ya zagi mai shi, ya zagi wanda ya koya masa. Da na karanta rubutun ƙasa sai na ga maganar harajin gidaje ake yi, ba ruwan baƙi a ciki. Na gaya masa. Ya karɓi jaridar ya sake dubawa, ya ce, "Ko ba komai bai iya zana hannu ba."

Na taɓa yi masa ƙorafi cewa a duk zanen nan ba a taɓa sa baƙar fata ba, ba mai hula irin tamu, ba mace mai mayafi. Na ce ba mu ma isa a zage mu ba. Ya ajiye kofin shayinsa ya dube ni. "Uwata, ki gode wa Allah. Wanda ba a zana ba, ba a zuwa nemansa."

Rigimarsa da Shugaba ma a kan zane ta tashi. Lokacin Shugaba bai daɗe da zama ɗan ƙasa ba, yana ta ɗoki. Sai ya fara turo irin zanen nan a gurup ɗin ƙungiya na waya, mutane suna dirowa daga katanga da buhuna, wani Bature yana kuka an ƙwace masa aiki. A ƙasa ya rubuta, "Mu dai ta ƙofa muka shigo." Kowa ya san ƙofar. Bizarsa ta ƙare kamar ta kowa, sannan ya auri wata baiwar Allah 'yar ƙasa, auren da ya mutu a makon da takarda ta fito. Ba wanda ya taɓa goranta masa. Shi ne kuma yake tura wannan ga mutanen da rabinsu ba sa iya barci idan aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Kawu ya sa na buga masa zanen a takarda. Ya ɗauki biro, ya zauna kamar mai gyaran agogo. Mutumin da yake saman katanga ya sa masa hula zanna, ya ƙara masa tumbi, ya zagaye masa gemu, ya ɗaura masa ƙaton agogon nan da Shugaba yake jan hannun riga don a gani. Bai rubuta ko harafi ɗaya ba. Ranar wani suna da aka yi a East Greensboro ya miƙa wa na kusa da shi, takarda ta bi hannu hannu, maza suna ƙunshe dariya a cikin babbar riga har ta isa ga mai ita.

Shugaba ya miƙe. Ya ce, "Malam, ka san abin da zan iya yi maka da kira ɗaya?"

Ba a taɓa faɗar irin wannan a taronmu ba. Kawu ya zaro wayarsa ya ajiye a kan tebur. "Na sani. Idan taka ba caji ga tawa."

Liman ne ya shiga tsakani, ya sa suka yi musabaha, amma ba su sake cin abinci a faranti ɗaya ba. Maza sun daɗe suna ba da labarin jarumtar Kawu. Ba su ji abin da na ji a mota muna komawa ba. Tanti ba ta kama sunan mijinta, ko a ranar ba ta kama ba. Cewa ta yi, "Mai gida, kai kana da baki ka rama. Ni idan suka zo ina zan sa kaina?" Kawu ya ci gaba da kallon hanya. A sanina wannan ne karo ɗaya da aka yi masa magana ya rasa ta cewa.

Maƙwabciyar nan mai tukunyar wake, ita ma akwai dalilin zuwanta. An kama mijinta a wajen aikin gini aka mayar da shi ƙasarsu, ya bar ta da yara da tsohuwar motar sayar da abinci. Kawu da matar ba su da yaren da ya haɗa su sai guntun Turanci da nuni. Wata Asabar ya kwashi gwangwanayen fentinsa ya tsallaka. Ya ce ta nuna masa hoton mijin a waya. Ya wanke motar, ya shafe ta shuɗi, sannan ya zana mutumin a gefenta, ƙato, yana dariya, da ludayi a hannu, har gibin haƙorinsa. Yaran suka fito suna ihu suna nuna babansu. Ita ta zauna a kan bokiti tana kuka. Kawu ya dawo yana wanke buroshi yana mita wai fentin ƙasar nan ba ya kama ƙarfe kamar na gida.

Wannan shi ne mutumin da muka binne. Yanzu ga abin da aka yi da shi.

Ranar sadaka, bayan an shafa addu'a, Shugaba ya shigo da wani Bature dogo mai ruwan ido. Zamani ya juya, Shugaba ma ya juya. Yanzu shi ne mai magana da yawun baƙi, ana gayyatarsa taro, ana ba shi makirufo, kuma akwai wani gangami da za a yi a ƙarshen mako. Baturen mai zanen barkwanci ne, yana yi wa wata ƙungiyar taimakon baƙi aiki kyauta. Bai taɓa ganin Kawu ba. Shugaba ne ya ba shi labari.

Su a nan suna da al'ada, idan wani ya mutu sai masu zane su zana shi a ƙofar aljanna ana yi masa maraba. Abin da ya yi wa Kawu ke nan. Ya buɗe babbar takarda a gaban Liman da dattawa, ni ina tsaye a bakin ƙofar kicin. Wani tsoho ne baƙi, ramamme, da yagaggiyar riga, ya sunkuyar da kai, ya rungume ƙullin kaya, hawaye na bin kuncinsa. Mala'ika mai fukafukai yana buɗe masa ƙofa. A sama an rubuta cewa a nan ba a tambayar takarda. A ƙasa ga cikakken sunan Kawu, ga sunan unguwa, ga bayanin cewa ya mutu yana jiran takarda, ya bar mata a cikin halin da ya mutu a ciki.

Liman ya kawar da kai. "A'uzu billahi. Wa ya dawo ya ba shi labarin abin da ake tambaya a can?"

Ni ba mala'ikan ne ya dame ni ba. Na ce, "Shugaba, wa ya ba ku izinin sa sunansa?"

"Ke ba ki gane ba ne," in ji shi. "Wannan stori ne mai ƙarfi. Idan ba suna, ba wanda zai ji shi a jiki. Karrama shi muke yi."

"Tanti fa?"

"Ai don ita ake yi. Irin su muke wa faɗa."

"Ta ce ku yi mata?"

"Mace mai takaba za a dama da wannan? Ni ne shugaban ƙungiya, ni zan tsaya mata."

Na juya ga Baturen na yi masa bayani da yarensa, dalla-dalla. Na ce matar tana cikin ɗakin can, ba ta da takarda, kuma ka rubuta wa duk duniya inda take. Fuskarsa ta yi ja. Ya ba da haƙuri, ya ce bai yi tunanin haka ba, ya ce zai cire suna da unguwa. Na yarda ba mugu ba ne. Kirkinsa ne ya cika masa ido har bai ga akwai mutum a bayan ƙofa ba. Shugaba ya gyaɗa kai, ya ce shi ke nan, an gama magana, yana kallon wayarsa.

Ashe tun da safe ya ɗauki hoton zanen ya saki. Ya tura gurup, ya sa a shafinsa, ya haɗa da hotonsa yana share hawaye a falon Tanti, lambar gidan da ke jikin akwatin wasiƙa tana bayansa ta taga. Da na kira shi sai ya ce, "Sori, ai ya riga ya tafi. Kin ga mutum nawa suka yi sheya, suka tura wa wasu kuwa?"

Na gani. Baƙin fuska suka fara zuwa suna ajiye furanni da kyandir a baranda, a daidai inda Kawu yake zama. Tanti ta tambaye ni me ake yi da su, ko ci ake yi. Wasu sun ƙwanƙwasa suna son su rungume ta. A ƙarƙashin hoton kuma mutane suna rubutu. Masu addu'a suna yi, masu zagi suna yi. Wani ya tambaya, matar fa, me ake jira da ita? Wani ya amsa masa da sunan titin. Washegari wata mota ta tsaya a tsallake, mutumin ciki ya sauke gilashi ya ɗauki hoton gidan ya tafi. Ban san ko wane ne ba. Wataƙila ɗan jarida ne, wataƙila mai tausayi ne, wataƙila ba ko ɗaya. Na kira lauya, ya ce ba zai iya yi mini alkawarin komai ba, amma da uwarsa ce da ba zai bar ta a gidan ba.

Mai takaba a ɗakin mijinta take zama har ta gama. Tanti ta riga ta shirya wa wannan zama. Ta shimfiɗa dardumarta kusa da kujerarsa, ta hana a wanke rigar aikinsa da ke rataye a bayan ƙofa. Matar da ba ta samu ta yi wa surukarta zaman makoki ba, ba ta ga auren ɗanta ba, wannan ne abu ɗaya da ta ga za ta iya cikawa yadda aka ce a yi. Da na kawo mata maganar tashi sai ta ce, "A nan ya bar ni."

Na kira Liman a waya na sa mata a kunne. Ya ce idan akwai tsoro, addini ya ba ta dama ta ƙarasa a wani wuri, ba laifi a kanta. Ta ce ta ji. Ba ta motsa ba. Sai da maƙwabciyar ta shigo, ta durƙusa a gabanta, ta kama hannayenta biyu, ta ce mata da guntun Turancinta, "Mama, tafi. Ni na tsaya na jira." Tanti ta tuna yadda aka ɗauke mata miji, ta gane.

Bayan azahar muka haɗa kaya. Aminin Kawu direban tasi ya kawo mota ta bayan gida. Muna cikin ɗaure kaya Shugaba ya kira ni daga wajen gangami, ana jin hayaniya. Murya a sama yake cewa sun buga zanen ƙato, mutane suna ɗauke da shi, wasu har kuka suke. Ya ce, "Ki gaya wa Hajiya sunan mijinta ya shiga tarihi." Ina da abubuwa da yawa da zan gaya masa, amma na ga asarar numfashi ne, na kashe wayar. Har yau idan na tuna muryarsa sai in ji ƙyama ta taso mini.

Tanti ta fito da mayafinta, ta tsallake furannin da suka fara bushewa, ta shiga bayan mota. Ba ta waiwaya ba. Ba zan faɗi inda muka kai ta ba. Sai da muka bar unguwar, muka hau babban titi, sannan ta yi magana.

"Nuna mini abin."

Duk kwanakin nan ba ta gan shi ba, na hana a nuna mata. Na buɗe wayar na miƙa mata. Ta sa tabarau, ta matso da hoton kusa da fuska, ta ja shi baya. Ta daɗe tana kallon tsohon nan mai sunkuyar da kai, mai yagaggiyar riga, mai ƙullin kaya. Na zata kuka za ta yi.

"Wannan bawan Allah kuma na wa ne?" ta ce.

Na ce, "Wai Kawu ne, Tanti."

Ta sake dubawa. Ta cire tabarau ta miƙo mini wayar.

"Saboda wannan aka tashe ni daga ɗakin mijina?" Ta juya tana kallon gonaki ta taga. "To, Allah Ya jiƙansa shi ma, ko wane ne."

Direban ya ce amin. Ni ma na ce amin. Sannan na yi wa nawa kawun tasa addu'ar a zuciya, mai tsaki, mai gardama, mai fenti a farce. Allah Ya yafe masa kaifin bakinsa, Ya haskaka kabarinsa, Ya tsare masa matar da ya bari.